Gwaji Mai Lasifika da Motar Asibiti

Shekara da shekaru mutanen unguwar ba su san muryarsa ba sai a kalma ɗaya. In za a yi taro shi ne yake riga kowa zuwa, ya ɗora manyan lasifikokinsa a kan ƙafafunsu, ya ja wayoyi ta bayan kujeru, ya tada janareta, sannan ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa ya ce, "Gwaji, gwaji." Daga nan sai ya koma bayan na'urarsa ya zauna, bakinsa ya mutu har a watse. Da haka sunan ya bi shi, har yaran da aka haifa daga baya ba su san yana da wani ba.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, kullum yana warin dalma da ƙonanniyar waya. A wurin wani mai gyaran rediyo ya tashi, ya koyi farke lasifika da naɗa mata sabuwar waya, har ya tara nasa kayan yana ba da haya. Ba shi da jam'iyya. Wanda ya kira shi, shi zai ƙara wa murya, ko da jiya ya ƙara wa abokin hamayyarsa.

Matarsa tela ce, kekenta yana barandar gidan da suke haya, kuma ita ce bakin gidan. Ita ke ciniki da masu hayar kaya, ita ke rigima da mai gida in rufi ya yi yoyo, ita ke tsawata wa 'yan biyunsu mata. Takan ce wa masu kawo ɗinki, "Ni dai na auri mai lasifika, ga shi komai na shagon yana magana ban da mai shagon." Shi kuma sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. Tun tana ƙarama take da asma. Ƙurar yadi takan tayar mata, ta ɗauko abin shaƙarta daga aljihun keke ta zuƙa, ta huta kaɗan, ta koma kan aiki.

Asibitin unguwar ƙarami ne, ɗakuna kaɗan da dogon benci a baranda. Likita ya daɗe da daina leƙowa. Wata dattijuwar nas ce ke riƙe da shi, kowa Sista yake ce mata. A kusurwar ɗakinta akwai tukunyar iskar oksijin da ta daɗe ba komai a ciki, har ta zama wurin rataye mayafi. Abu ɗaya da asibitin yake taƙama da shi shi ne motar ɗaukar marasa lafiya da hukuma ta kawo. Amma tun da ta iso, ɗan majalisar da ke wakiltar yankin, wanda ake kira Wakili, ya sa aka manna hotonsa a gefe da gefenta, makullin kuma ya koma ofishinsa. In ana son mota, sai an aika an roƙa.

Ranar da abin ya faru Wakili yana da babban taro a filin ƙwallo, na cikarsa shekara a kan kujera, kuma Gwaji ne ya kai kayan sauti. Da idonsa ya ga an shigo da motar asibitin tana jiniya, an ɗaura mata ƙyallaye, aka ajiye ta a gefen dandamali don jama'a su ga aikin Wakili. Bai kawo komai a ransa ba. Ya kashe wayarsa kamar yadda ya saba, don takan sa lasifika ƙugi.

A daidai lokacin numfashin matarsa ya sarƙe a kan keke. Abin shaƙa bai yi ba. Maƙwabta suka ɗauke ta zuwa asibitin unguwa, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana biye da su da takalmi a hannu. Sista ta yi mata allurar da take da ita, ta duba leɓunanta, ta ce sai babban asibiti, kuma yanzu. Aka nemi mota, aka ce tana wurin taro. Sista ta buga wa ofishin Wakili, aka ce a jira a tashi. A bayan wata a-kori-kura ta mai kai siminti aka shimfiɗa ta, kanta a cinyar Inna. Da suka iso mararrabar da ke bayan filin ƙwallo, sai suka tarar motocin 'yan taro sun toshe hanya, ba gaba ba baya. A nan rai ya yi halinsa.

Sai da aka watse, yana naɗe waya, wani maƙwabci ya zo ya dafa kafaɗarsa.

Wakili ya zo gaisuwa da ayarinsa da mai ɗaukar hoto. Ya durƙusa a gaban Gwaji daidai yadda hoton zai yi kyau, ya riƙe hannunsa ya ce, "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Allah ya jiƙan mahaifiyarka." Wani daga bayansa ya raɗa masa cewa matarsa ce. Bai ma gyara ba, ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ƙara da cewa, "Akwai wani taron nan gaba, yarana za su neme ka. Kayanka suna da kyau."

Gwaji ya bi su da ido har ƙofa. Bayan sun fita ne Inna ta matso kusa da shi. Tun da aka yi rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

"Ɗana, akwai abin da ban gaya maka ba," in ji ta. "Inda muka maƙale, muryarsa muke ji raɗau, kamar a cikin motar yake. Yana cewa daga yau ba wanda zai ƙara mutuwa a hanyar asibiti. Ana tafi. Ita kuma tana riƙe da zanena tana neman iska."

Daga wannan rana wani abu ya zauna a ƙirjin Gwaji, ya ƙi tashi. Ba ya cin abincin kirki, ba ya amsa gaisuwa. Da yaran Wakili suka zo neman kaya, ya ce musu to. Ya san aikinsa ciki da waje, ya san yadda makirfo mai jikin ƙarfe zai iya zama ajalin wanda ya riƙe shi in aka karkata waya ɗaya. Wata safiya yana shago yana fere wayar, sai ga Inna ta kawo masa 'yan biyu su gaishe shi kafin makaranta. Ta tura yaran gaba, ta tsaya tana kallon wayar da makirfon da ke gabansa. Tsohuwa ce da ta ga jiya ta ga yau.

"Wannan na bakin wa ake shiryawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ashe kai ma kana da wauta," ta ce, ta jawo wani akwatin lasifika ta zauna. "Ka kashe shi, su yi masa jana'izar da ba a taɓa gani ba, su sa wa asibitin sunansa, kai su rataye ka, ni in zauna da marayu biyu. Shi kenan ka rama? Ni ba mutuwarsa nake so ba. So nake ya rayu, ya tsufa, ya riƙa wucewa ta gaban kujerar nan yana ganin wani a kai. So nake ya yi sallama a taro a rasa mai amsawa."

"Da me zan yi masa haka, Inna? Ni ko magana ban iya ba."

"Kayan nan da suka kai muryarsa kunnen 'yata, su za su kai tamu kunnen gari. Kai dai ka kunna."

Ya ciro wayar ya jefa a kwandon shara. Ya aika wa yaran Wakili cewa kayansa ba sa hayuwa.

Ranar kasuwa da safe, lokacin da benci ya cika da masu jiran Sista, ya turo kura ɗauke da lasifika biyu da batir ya tsaya a ƙofar asibitin. Ya haɗa komai, ya miƙa makirfo ga jama'a, ya ce duk wanda asibitin nan ya taɓa ci masa mutum ya zo ya faɗa. Kowa ya kau da kai. Wasu suka ja 'ya'yansu gefe. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya kai makirfon bakinsa. Ya faɗi yadda matarsa ta mutu, daga keke har mararraba, bai ƙara gishiri ba. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa, ba don labarin ba da farko, don mamakin wai Gwaji ne ke magana. Inna ta karɓa ta faɗi nata. Sai wani birkila ya ajiye cebur ya zo ya ce ƙanensa ya faɗo daga bene, jini ya ƙare masa a kan wannan bencin ana jiran makulli. Wata mai sayar da kayan miya ta ce a cikin baro aka tura ta tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba.

Haka ya riƙa yi duk ranar kasuwa. Ashe kowane gida da nasa miki, an dai rufe ne da haƙuri. Gwaji yana naɗar kowace murya a na'urarsa, in mai ita ya yarda. Da mutane suka yi yawa, sai Sista ta kira shi gefe ta ce, "Kuka kaɗai ba ya cika tukunyar oksijin. Ku san abin da kuke nema, ku faɗe shi da baki ɗaya." A barandar gidansa, kusa da keken da aka lulluɓe da zane, suka fara zama da birkilan da mai kayan miyar da wasu. Suka tsaya a kan cewa mota ta kwana ta wuni a asibiti, makulli a hannun nas, a kawo iska da likita, kuma mutanen unguwa su zaɓi kwamitin da zai riƙa sa ido a kan komai, ba ɗan siyasa ba. Suka rarraba kansu layi layi. Mata suna shiga gidaje, maza suna bin majalisu da garejin kanikawa, suna tambaya ɗaya: kana da katin zaɓe?

Sauran suna yi ne don asibiti. Gwaji kuwa bai taɓa ɓoye wa kowa ba, shi Wakili yake nema. In an ce masa ya sassauta, sai ya ce, "Ku ɗauki asibitin, ku bar mini mutumin."

Wakili ya fara da dariya, yana cewa baƙin ciki ne ya taɓa wa mai lasifika ƙwaƙwalwa. Da ya ga kura ɗaya ta zama uku, sai ya aiko a lallashe shi da alkawarin ba shi aikin sautin majalisa gaba ɗaya. Gwaji ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaya masa mahaifiyata tana gaishe shi." Bayan wannan aka ɗauke Sista aka jefa ta wani ƙauye mai nisa. Sannan wata rana tsaka 'yan daba suka tare kurar a lungu, suka farfasa lasifikokin da gora, ɗaya ya sauke masa ita a kunnen hagu. Har yau ba ya ji da shi. 'Yan sanda suka zo, shi suka tafi da shi, wai ya tada hankalin jama'a.

Da ya fito, ya tarar da shagonsa a cike. Abokan sana'arsa, waɗanda suka saba yi wa juna ƙwacen ciniki, kowa ya kawo abin da ya samu, wannan tsohuwar lasifika, wancan amfilifaya. Babbansu ya ce, "Ba don muna son ka ba ne, kai ma ka sani. Amma wanda ya fasa lasifika ya taɓa mu duka." Suka kuma yi shawara a tsakaninsu, babu mai ƙara ba Wakili haya. Dole ya riƙa ɗauko kaya daga wani gari.

Da zaɓe ya matso, Wakili ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, sai ya sa aka yi wa asibitin fenti, aka wanke mota, aka shirya bikin miƙa ta ga jama'a a karo na biyu. Aka kafa rumfa a ƙofar asibiti, aka kawo 'yan tafi a motoci. Mutanen unguwa suka fito, suka tsaya a bayan kujeru. Ba a ga Gwaji ba, ba a ga kurarsa ba, yaran Wakili suka ce ai ya ji jiki ya gudu.

Wakili ya hau dandamali, ya gyara hula, ya buɗe baki. Kafin ya ce komai sai aka ji muryarsa ta fito daga saman benen kanti, daga rufin gareji, daga tagar gidan mai kayan miya, ta ko'ina: "Daga yau ba wanda zai ƙara mutuwa a hanyar asibiti." Jawabinsa ne na filin ƙwallo, har da tafin, domin Gwaji yakan naɗi duk taron da ya yi wa aiki. Tafin yana yankewa muryar Inna ta biyo, a natse: "Lokacin da yake faɗin wannan, 'yata tana mutuwa a cinyata a bayan filin." Sai muryar Wakili ta dawo da alkawarinsa. Sai birkila. Sai alkawarin. Sai mai kayan miya. Haka aka riƙa jera su, shi da matattun unguwa, bi da bi.

Wakili ya yi ƙoƙarin ɗaga murya, kayan haya na baƙi ba su kai ko rabin na Gwaji ba. Yaransa suka bazama neman wayoyi, in sun cire ɗaya wata ta ɗauka a wani rufin. 'Yan tafin da aka kawo suka yi tsuru tsuru, wata a cikinsu ta fashe da kuka, don ita ma tana da nata. Gwaji yana zaune a ɗakin sama na wani tela, abokin aikin matarsa, yana kallo ta taga. Ya ga zufa tana bin wuyan Wakili, ya ga ya waiwaya yana neman wanda zai cece shi. Bai rage sautin ba sai da ya ga an tura shi cikin mota, hularsa a ƙasa. Daga baya ya gaya wa Inna cewa tun rasuwar, ranar ce ya fara jin yunwa.

Ranar zaɓe matan unguwar suka riga ma'aikata zuwa rumfa, kuma ba su tafi ba sai da aka ƙirga a gabansu. Wakili ya sha ƙasa, har a akwatin ƙofar gidansa. Wani tsohon shugaban makaranta ne ya ci, wanda ya zo barandar Gwaji ya amince da buƙatunsu a gaban jama'a kafin su ce za su yi shi. Inna ta sa aka kai ta ƙofar gidan Wakili a bayan babur, ta tsaya ta kalli yadda wurin ya zama fayau, babu motoci babu maroƙa, ta ce a mai da ita gida.

Ba duk abin da suka nema aka samu ba. Mota ta dawo, aka kankare hoton, makulli yana rataye a ɗakin nas. An cika tukunyar iska, an ƙaro wata. Kwamiti ya kafu, aka sa Gwaji a ciki ko da ya ce ba ya so. Likita kuwa sai wasu ranaku yake zuwa, Sista ma ba a dawo da ita ba, a can ƙauyen ta yi ritaya. Da sabon wakilin ya fara jan ƙafa a kan maganar likita, da safe ya tarar da kura a ƙofar ofishinsa. Ya fito yana cewa, "Haba Gwaji, ni ma?" Gwaji ya ce, "Kai ban tsane ka ba, ranka ya daɗe. Tuni ne kawai." Daga baya unguwannin maƙwabta suka riƙa zuwa aron kura da shawara, har maganar kwamitin asibiti ta kai zauren majalisa.

Tsohon Wakili bai bar garin ba. Da kakar zaɓe ta sake zagayowa ya nemi jam'iyyarsa ta tsayar da shi, Gwaji ya rufe shago ya bi wakilan jam'iyyar gida gida da na'urarsa a hannu, yana kunna musu abin da za su sake ji in sun kuskura. Ba su tsayar da shi ba. Bayan haka ne wata rana ya zo shagon shi kaɗai, ba direba, ya rame, furfura ta fito masa. Ya tsaya a bakin ƙofa, don ba wurin zama.

"Malam, abin ya isa haka," ya ce. "Ka raba ni da kujera, ka raba ni da mutane. Ni ban san matarka tana hanya ba. Ka yafe mini."

Gwaji ya juyo masa da kunnen da yake ji, ya sa ya maimaita. Ya maimaita.

"An buga waya ofishinka, aka ce a jira a tashi," in ji Gwaji. "Ni ma yanzu abin da zan ce maka ke nan. Wadda za ta yafe maka ba ta nan. Ka jira a tashi, ka same ta can."

Tsohon Wakili ya miƙo hannu. Gwaji ya dubi hannun, ya ɗauki abin narka dalma ya ci gaba da aikinsa, har mutumin ya gaji ya tafi.

Mutane da yawa sun ga baƙinsa a kan wannan. Limamin unguwa ya yi masa nasiha, abokai suka ce riƙo ba ya da kyau, ko 'yan biyu da suka girma sun ce, "Baba, ka bar shi da Allah." Yakan saurara har a gama, ya ce ya ji, ya gode. Inna kaɗai ce ba ta taɓa cewa ya sassauta ba har ta koma ga Mahaliccinta, a gadon asibitin unguwa, da robar iska a hancinta da likita a kanta.

Yanzu Gwaji ya manyanta, ƙafa ta fara ba shi wahala, ɗaya daga cikin 'yan biyu ce ke kula da hayar kaya. Ya zama mai magana, har ana cewa in ya karɓi makirfo a taron kwamiti sai an roƙe shi ya saki. Bai ƙara aure ba. Rigimar da ke gabansa a bana ta ɗakin gwajin jini ce, wanda aka gina aka bari ba ko na'ura ɗaya a ciki, kuma an ce tuni jami'in da abin yake hannunsa ya fara canza hanya in ya hango shi.